Yadda mai ƙuri'a mafi yawa ya faɗi zaɓe: tarihin kujerar Melbourne

Tambaya: Na ji a labarai cewa a zaɓen Ostireliya na 2025 shugaban jam'iyyar Greens mai rajin kare muhalli, Adam Bandt, ya rasa kujerarsa ta Melbourne alhali shi ya fi kowa ƙuri'a. Ta yaya hakan zai yiwu in ba maguɗi aka yi ba? Kuma wace irin mazaɓa ce wannan, da aka ce jam'iyya guda ta riƙe ta fiye da shekara ɗari?

Amsa: Malam, abin da ka ji gaskiya ne, kuma ba a yi maguɗi ba. A zaɓen 3 ga Mayun 2025 Bandt ya samu kusan kashi 40 cikin 100 na ƙuri'un zaɓin farko. Sarah Witty ta jam'iyyar 'yan ƙwadago, Leba, ta samu kashi 30 da 'yan kai, 'yar takarar Libaral, jam'iyyar masu ra'ayin riƙau, kuma ta zo ta uku da kusan kashi 20. Da aka gama lissafi, Witty ce ta tashi da kusan kashi 53. Bandt da bakinsa ya amince da shan kaye, bai je kotu ba, domin ta wannan ƙofar shi ma ya shiga majalisa a 2010. A wancan zaɓen shi ne ya zo na biyu a ƙirgen farko, ya kuma ci.

Sai ka fara sanin yadda suke jefa ƙuri'a, in ba haka ba tarihin ba zai zauna maka ba. A Najeriya an saba a dangwala wa jam'iyya ɗaya, wanda ya fi yawa ya ɗauki kujerar majalisa ko da kashi 30 ya samu. A Ostireliya ranar Asabar ake zaɓe, galibi a makarantun firamare da zaurukan coci. Tun daga bakin ƙofa za ka tarar da 'yan sa-kai sun yi layi, na Leba da jajayen riguna, na Libaral da shuɗi, na Greens da kore, kowa na miƙo maka 'yar takarda mai nuna yadda jam'iyyarsa ke so ka jera 'yan takara. A ciki a ba ka koriyar takarda ta majalisar wakilai da fensir. Dole ka sa lamba a gaban kowane suna: 1 ga wanda ka fi so, 2 ga mai bi masa, har ka kai kan wanda ba ka ƙaunar gani. Kamar dai ka aiki yaro ka ce ya sayo tsire, in babu ya sayo balangu, in shi ma babu ya taho da kilishi.

Wajen ƙirge, ana tara takardun gwargwadon wanda aka ba lamba 1. In wani ya haura rabi, magana ta ƙare. In babu, sai a cire wanda ya zo ƙarshe, a ɗauki tarin takardunsa a raba wa sauran bisa lamba 2 da ke jikin kowace. Haka za a yi ta cirewa ana rabawa har a bar mutum biyu. Saboda haka ƙuri'ar wanda ya zo na uku ba ta mutuwa. Ita ce ma ke raba gardama.

Ba don Allah aka kawo tsarin ba. A 1918 an yi zaɓen cike gurbi a mazaɓar Swan, inda masu ra'ayin riƙau suka tsayar da 'yan takara fiye da ɗaya, ƙuri'arsu ta rabu, ɗan Leba ya wuce da kusan kashi ɗaya cikin uku kacal. Gwamnatin Billy Hughes ta yi maza ta canza doka kafin shekarar ta ƙare, don kada a sake yi musu haka. A 1924 kuma aka wajabta zaɓe a kan kowane baligi mai rajista. Wanda bai je ba babu uzuri, tarar dala 20 ke jiransa a yau.

To, ita mazaɓar. Sunanta sunan birnin, amma ba duk birnin ba ce. Tsakiyar gari ce da tsofaffin unguwannin da suka kewaye ta: Carlton, Fitzroy, Collingwood, Richmond, North Melbourne da makamantansu, a ƙasar mutanen Wurundjeri waɗanda Turawa suka tarar. Tana cikin mazaɓun farko da aka kafa a 1901, lokacin da yankunan mulkin mallakar Birtaniya shida suka haɗe suka zama tarayya. Majalisar tarayyar ma a cikin wannan mazaɓa ta zauna har 1927 da aka koma Kanbera.

Wanda ya fara wakiltarta attajiri ne, Sir Malcolm McEacharn, mai kamfanin jiragen ruwa, wanda ya yi magajin garin Melbourne. A zaɓen 1903 ya sha da ƙyar da tazarar da ba ta kai ƙuri'a ɗari ba. Kotu ta soke zaɓen, aka sake a 1904, ɗan Leba Dakta William Maloney ya kayar da shi. Daga nan Leba ba ta sake sakin kujerar ba sai 2010. Shekara 106.

Dalili a bayyane yake ga duk wanda ya san unguwannin a wancan zamani. Collingwood cike take da masana'antun takalma da majemu da kamfanonin giya, Richmond da masaƙu da kamfanin ashana, yamma kuma tashar jiragen ruwa da ta ƙasa. Ma'aikata na zaune a ƙananan gidaje manne da juna, masu ɗaki biyu ko uku, da yawansu 'yan asalin Ailan mabiya Katolika. A Carlton hedikwatar ƙungiyoyin ƙwadago take. A nan ne kuma a 1856 masu sassaƙa dutse da ke ginin Jami'ar Melbourne suka ajiye kayan aiki suka yi tattaki zuwa majalisa, suka samu aikin awa takwas a rana ba tare da rage lada ba. A irin wannan wuri, zaɓe na gaskiya shi ne na fitar da gwani a cikin Leba. Wanda ya samu tikiti ya gama. Maloney likita ne da ya shahara da duba talakawa a North Melbourne, ya kuma kai ƙudurin bai wa mata 'yancin zaɓe gaban majalisar Biktoriya, yankin da Melbourne take ciki, tun 1889. Ya riƙe kujerar shekara 36, har shekarar da ya rasu, 1940.

Magajinsa Arthur Calwell shi ne mutum mafi girma da kujerar ta taɓa fitarwa, kuma mafi wuyar yi wa hukunci. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, da Japan ta yi wa garin Darwin ruwan bama-bamai, shugabannin ƙasar sun tsorata da cewa mutum miliyan bakwai da ɗoriya ba za su iya kare ƙasa mai girman nahiya ba. A 1945 aka naɗa Calwell ministan shige da fice na farko a tarihin ƙasar. Shi ya lallashi ƙungiyoyin ƙwadago, waɗanda ke ganin baƙo a matsayin mai karya farashin aiki, har suka yarda a buɗe ƙofa. Daga 1947 jirage suka fara sauke 'yan gudun hijira daga sansanonin Turai, daga baya Italiyawa da Girkawa suka biyo. Da yawansu a mazaɓarsa da kewayenta suka sauke kaya: titin Lygon na Carlton ya zama na Italiyawa, Richmond ta cika da Girkawa.

Amma ƙofar ta farar fata ce kaɗai. Calwell ya riƙe manufar hana waɗanda ba Turawa ba zama a ƙasar da hannu bibbiyu, har ya sa aka yi doka a 1949 don korar 'yan Asiya da suka fake a can lokacin yaƙi, ciki har da waɗanda suka yi aure suka haihu. Bai sauka daga wannan ra'ayi ba har ya mutu a 1973, shekarar da gwamnatin jam'iyyarsa ta binne manufar. Ina ganin kuskure ne a wanke shi, kuskure ne kuma a taƙaita shi a kan wannan kaɗai. Mutumin da ya kori 'yan Asiya shi ne ya tsaya a majalisa a 1965 ya yi tir da tura sojoji Biyetnam a lokacin da akasarin jama'a ke goyon bayan yaƙin. A Yunin 1966, bayan wani gangami a Sidni, wani matashi ɗan shekara 19 ya harbe shi ta gilashin mota. Fasassun gilashi suka yanke shi a haɓa, ya tsira, daga baya ya rubuta wa yaron cewa ya yafe masa. Ya jagoranci Leba daga 1960 zuwa 1967, ya faɗi zaɓe sau uku, na 1961 saura ƙiris ya zama firaminista.

Abin da ya hana shi a 1961 yana da alaƙa da tambayarka. A 1955 Leba ta dare gida biyu a kan batun kwaminisanci a ƙungiyoyin ƙwadago, kuma a jihar Biktoriya rikicin ya fi ƙamari. Ɓangaren 'yan Katolika masu bin B. A. Santamaria suka fice suka kafa jam'iyyar da aka sani da DLP. Ba ta taɓa cin kujera a majalisar wakilai da wannan suna ba, amma a kowane zaɓe takan umarci magoya bayanta su sa Libaral a gaban Leba. Da wannan 'yar takarda ta bakin ƙofa ta taimaka aka hana Leba mulki har 1972. Calwell, duk da riƙonsa da Katolika, ya zauna a Leba, abin da ya jawo masa tsangwama har a cocin unguwarsu. Kujerarsa dai ko gezau.

Waɗanda suka biyo baya ba sai an daɗe a kansu ba. Ted Innes daga 1972, Gerry Hand daga 1983, Lindsay Tanner daga 1993. Abu ɗaya ya kamata a riƙe: Hand ma ya yi ministan shige da fice, kuma a hannunsa aka fara tsare duk wanda ya shigo ta jirgin ruwa ba biza, a 1992. Wannan manufa ce daga baya ta zama ɗaya daga cikin sandunan da aka doki Leba da su a mazaɓar.

A waɗannan shekarun taswira ba ta canza sosai ba, mutanen cikinta ne suka canza. Tun daga shekarun 1960 hukumar gidaje ta jiha ta rushe layukan da ta kira ƙazantattu, ta gina dogayen benaye masu hawa ashirin zuwa talatin don marasa ƙarfi. Sauran tsofaffin gidajen da suka tsira, 'ya'yan ma'aikata da na Italiyawa suka sayar suka koma bayan gari inda akwai fili da garejin mota. Masu saye kuwa malaman jami'a ne, lauyoyi, likitoci, 'yan jarida. Daga shekarun 1970 zuwa 1980 aka yi ta rage harajin kayan waje, masaƙu da masana'antun takalma suka rufe, aka mayar da gine-ginensu gidajen haya masu tsada. Gidan da lebura ya taɓa zama da 'ya'ya shida yanzu ya haura dala miliyan. Ga ɗaliban Jami'ar Melbourne da Jami'ar RMIT, ga matasa 'yan haya da ba su da mota ba su da aure. A benayen gwamnati kuma, bayan 'yan Biyetnam sai ga 'yan Somaliya da Eritiriya da Habasha da Sudan, da yawansu Musulmi. Ka ga inda Calwell ya wakilta shekara 32.

Sabbin mazauna ba masu ra'ayin riƙau ba ne, don haka Libaral ba ta ci ribarsu ba. Sai dai abin da ke damunsu ya bambanta da na ma'aikacin masaƙa. Sauyin yanayi, 'yan gudun hijira, kuɗin haya, sufurin jama'a. Ita kuwa Leba tana buƙatar ƙuri'un bayan gari da na yankunan haƙar kwal kafin ta kafa gwamnati, don haka ba ta iya faɗin abin da Fitzroy ke son ji. A 2001, da gwamnatin John Howard ta hana jirgin Tampa sauke 'yan gudun hijira sama da 400 da ya ceto a teku, Leba ba ta ja da ita yadda magoya bayanta na cikin birni suka so ba. Daga wannan zaɓen ƙuri'ar Greens ta fara hawa a Melbourne.

Bandt, lauyan ƙungiyoyin ƙwadago, ya fara takarar kujerar a 2007, ya samu sama da kashi 20, ya ture Libaral zuwa na uku bayan rabon ƙuri'u. Tanner ya tsira saboda mutum ne mai kima, har ya zama ministan kuɗi. A 2010 komai ya haɗu wa Leba lokaci guda. A Afrilu firaminista Kevin Rudd na Leba ya jingine shirin rage hayaƙin masana'antu da ya yi ta alkawari. A 24 ga Yuni 'yan jam'iyyarsa suka sauke shi suka ɗora Julia Gillard, a ranar kuma Tanner ya ce ba zai sake takara ba. A zaɓen Agusta, Cath Bowtell ta Leba ta samu kusan kashi 38, Bandt kusan 36. To a nan ne Libaral ta yi abin da ya sauya tarihi: don ta ƙuntata wa Leba, ta rubuta a takardarta a sa Greens a gaba. Kusan huɗu cikin biyar na masu zaɓenta suka bi, Bandt ya ci da kusan kashi 56. Shi ne ɗan Greens na farko da ya ci kujerar majalisar wakilai a babban zaɓe.

Ramin da Libaral ta haƙa ita ta fara faɗawa. Zaɓen ya tashi kunnen doki, 72 da 72 a majalisa mai kujera 150. Bandt da 'yan ba-jam'iyya uku suka mara wa Gillard baya ta kafa gwamnati, kuma cikin abin da aka biya Greens da shi akwai sa wa hayaƙin masana'antu farashi, wanda ya fara aiki a 2012. Firaminista Tony Abbott na Libaral ya soke shi a 2014. Tun zaɓen 2013 Libaral ta juya takardarta ta sa Leba a gaban Greens, masu sharhi da yawa suka ce Bandt ya gama yawo. Amma ya ɗaga ƙuri'arsa ta farko zuwa sama da kashi 42, kuma kusan ɗaya cikin uku na 'yan Libaral suka yi watsi da takardar jam'iyyarsu. Ya tsira. A 2016 da 2019 Leba ce ta faɗo ta uku, ƙuri'unta suka kwarara gare shi, ya ci da kusan kashi 70. A 2020 ya zama shugaban jam'iyya, a 2022 ƙuri'arsa ta farko ta kusa kashi 50.

Ana yawan cewa Greens jam'iyyar masu hali ce, 'yan boko masu shan gahawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba duka ba. Ofishin Bandt ya yi shekaru yana aiki a benayen gwamnati, kan takardun biza da gyaran gidaje, ya kuma ja ƙuri'u da dama daga 'yan Afirkan da aka ɗauka na Leba ne har abada. Abin da ya faru a 4 ga Yulin 2020 ya ƙara nisanta wasunsu da Leba. Da yammacin ranar, gwamnatin jiha ta Daniel Andrews ta rufe benaye tara a Flemington da North Melbourne saboda korona, ba tare da sanarwa ba. Mutum kusan 3,000 suka leƙo ta taga suka ga ɗaruruwan 'yan sanda sun kewaye ƙofofi. Babu fita sayen madarar jariri, babu fita neman magani. Matasan wani masallaci na unguwar ne suka shiga tara abincin halal suna kaiwa. Bene ɗaya a titin Alfred ya kwashe mako biyu a kulle. A Disamba mai binciken koke-koken jama'a ta jihar, Deborah Glass, ta ce gaggawar da aka yi ta keta haƙƙin mazauna, ta nemi a ba su haƙuri. Gwamnati ta ƙi.

To me ya kayar da shi a 2025? Abu uku ne suka taru, ba kuma nauyinsu ɗaya ba. Na farko iyaka. Hukumar zaɓen ƙasar na sake shata mazaɓu a kai a kai don yawan masu zaɓe ya daidaita, 'yan siyasa ba su da ta cewa sai dai su kai ƙorafi. A 2024 Biktoriya ta ragu daga kujera 39 zuwa 38, aka soke mazaɓar Higgins. Aka yanke wa Melbourne unguwannin arewa irin su Clifton Hill da Fitzroy North, inda Greens ta yi kaka-gida, aka tsallakar da ita kogin Yarra ta ɗauki South Yarra da wani ɓangare na Prahran, inda masu kuɗi suka fi yawa kuma ba su san shi a matsayin wakilinsu ba. Na biyu guguwar ƙasa: tsoron shugaban Libaral Peter Dutton ya sa mutane da yawa suka ruga wurin firaminista Anthony Albanese na Leba, Leba ta kwashe kujera 94, Dutton kansa ya rasa tasa. Na uku, akwai masu zaɓen da suka gaji da yadda Greens ta riƙe dokokin gidaje na gwamnati a majalisar dattawa na watanni, wasu kuma ba su ji daɗin zafin matsayinta kan Gaza ba, ko da yake wannan matsayin ya jawo mata ƙuri'u a wasu unguwannin. A ganina iyakar da guguwar sun fi na ukun nauyi, domin ƙuri'ar Greens a faɗin ƙasa ba ta faɗi sosai ba, tana nan wajen kashi 12.

Lissafin kujerar ke nan yanzu. Libaral ba ta taɓa cin Melbourne ba tun da aka kafa ta, ba kuma alamar za ta ci, amma matsayin da ta zo shi ke yanke hukunci. In ta zo ta biyu, Leba ta faɗo ta uku, ƙuri'un Leba za su tafi wa Greens, ta ci cikin sauƙi. In ta zo ta uku, akasarin ƙuri'unta Leba za su tafi, sai Greens ta buƙaci kashi 45 ko kusa da haka ita kaɗai. Wato raunin Libaral ba alheri ba ne ga Greens, duk da cewa su ne manyan abokan gaba a aƙida. A zaɓen na 2025 an ga haka a birnin Brisbane: a mazaɓar Griffith masu ra'ayin riƙau suka zo na uku, ɗan Greens ya faɗi, a Ryan kuwa Leba ce ta zo ta uku da tazara kaɗan, 'yar Greens ta tsira, ita kaɗai cikin huɗun da suka ci a 2022.

Sarah Witty, wadda ta fito daga aikin ƙungiyar agaji, ita ce mace ta farko da ta wakilci mazaɓar, ta takwas kuma cikin duk waɗanda suka riƙe ta tun 1901. Batun da zai fi ba ta ciwon kai ba daga Kanbera ya fito ba. A 2023 gwamnatin jiha, ta jam'iyyarta, ta sanar da cewa za ta rushe dukkan dogayen benaye 44 na Melbourne ta sake gini kafin 2051, kuma na Carlton da North Melbourne na cikin sahun farko. Greens na yaƙar shirin, mazauna wasu benayen sun kai ƙara kotu, an kuma riga an fara kwashe iyalai zuwa wasu unguwanni. Duk iyalin da aka kai bayan gari, ƙuri'arsu ta bar mazaɓar tare da su, kuma zaɓen tarayya na gaba ba zai wuce 2028 ba.